Cire EGR, Sauya Masa Hanya, ko Gyara Shi: Wanne Ya Fi wa Tsohuwar Motar Ɗaukar Kaya?

Ranar da aka fara kwance bututun shigar iska na tsohuwar a-kori-kurata mai shan dizal, sai da na sa yatsa na taɓa kafin na yarda da abin da idona ya gani. Ƙofar da ya kamata ta kasance a buɗe wayam ta tsuke, har yatsu biyu da ƙyar suke shiga. Wani baƙin abu ne mai danƙo kamar kwalta ya lulluɓe ko'ina, ana kankare shi da sukundireba yana faɗowa gunduwa-gunduwa. Bakaniken ya dube ni ya ce, "Maigida, aikin EGR ne wannan. A toshe shi kawai ka huta." Shawarar da yawancin masu tsofaffin motoci ke ji ke nan, kuma ba ƙarya ce zalla ba. Rabin gaskiya ce, sauran rabin kuwa shi ke raba mai kashe kuɗi sau ɗaya da mai kashewa sau uku.

Iskar da inji ke zuƙa kashi 78 cikin ɗari naitirojin ce, kashi 21 kuma iskar oksijin. A yanayi na yau da kullum ba ruwan ɗaya da ɗaya. Amma idan zafin ƙonewa a cikin silinda ya haura wajen digiri 1,370 a ma'aunin Salshiyas, sai su haɗu su zama gubar da ake kira NOx, wadda ke ƙona hanyoyin numfashi, ta tayar da asma, ta kuma haddasa hazon da ke rufe manyan birane. Dabarar EGR ita ce a ɗebi kaɗan daga hayaƙin da ya riga ya ƙone a mayar da shi cikin inji. Tunda ba ya sake ci da wuta, sai ya cike gurbi ya shanye wani ɓangare na zafin, wutar ta lafa, gubar ta ragu. Motocin fetur a Amurka sun fara ɗaukarsa gadan-gadan tun 1973. Manyan injinan dizal na can kuwa sai a watan Oktoban 2002 suka shigo da irin wanda ake sanyaya hayaƙinsa da ruwan lagireto. A Turai, da ƙa'idar Euro IV ta zo a 2005, kamfanoni sun rabu gida biyu: MAN da Scania suka bi hanyar EGR, su Mercedes-Benz da DAF da Iveco suka zaɓi fesa ruwan AdBlue, wani sinadari mai rage gubar, a cikin salansa. Na kawo wannan ne don ka tabbatar motarka tana da shi tukuna, domin na sha ganin ana ɗora wa EGR laifi a injin da ba a taɓa sa masa shi ba.

Tambaya ta farko: fetur take sha ko dizal? Amsar ta raba maganar biyu.

Idan fetur ce, zancen gajere ne, kuma ra'ayina a kansa ba ya rawa: kada ka cire. A injin fetur bawul ɗin EGR a rufe yake lokacin da inji ke silo, a rufe yake lokacin da yake da sanyi, a rufe yake kuma idan ka take totur har ƙasa. Ba ya buɗewa sai ana tafiya madaidaiciya. Ke nan ba ya tauye maka ƙarfi a lokacin da kake neman ƙarfin, ballantana a ce cire shi zai ƙaro maka wani abu. Abin da ya fi wannan, kwamfutar motar tana gaggauta tartsatsin filogi ne bisa zaton cewa hayaƙi yana shigowa yana kwantar da wutar. Ka toshe hanyar, ita ba ta sani ba, sai ka fara jin wani ƙyas-ƙyas kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani duk lokacin da ka kama hawa da kaya. Wannan ƙarar fetur ne ke fashewa ba bisa tsari ba, kuma in ta daɗe tana cin bakin fistan. Shan mai ma yakan ɗan ƙaru. Ga shi kuma gyaran nasa ba wuya: yawancin tsofaffin motocin fetur bawul ɗinsu da zuƙar iska yake aiki. A sa masa ƙaramin famfon hannu a ja shi inji yana silo. In injin ya yi tangal-tangal ko ya mutu, bawul da hanyarsa lafiya lau suke, sai a nemi matsalar a tiyo ko a sensa. In bai ko gezau ba, to ko robar cikin bawul ta yage, ko gawayi ya toshe hanya, kuma waya da burushi sun isa su buɗe ta.

A dizal ne gizo ke saƙar. Hayaƙinsa na ɗauke da kunkunniya, kuma ana mayar da shi da yawa, musamman a silo da tafiyar cikin gari. To amma ka lura da abu ɗaya: kunkunniya busasshiya ce. Ka leƙa cikin wutsiyar salansa, za ka ga baƙin gari ne da tsumma ke sharewa. Me ya mayar da ta cikin bututun iska ta zama kwalta? Baƙin mai. Kowane inji yana da tiyon da ke fitar da tururin da ke taruwa a cikinsa, wanda ke kurɗawa ta gefen ringin fistan, kuma tiyon yana mayar da tururin ne cikin hanyar shigar iska, ɗauke da feshin mai. Man ya jiƙa bangon bututu, kunkunniya ta zo ta manne, zafi ya gasa su. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Sai sun haɗu su biyun suke toshe inji, kuma in ka raba su ta kowane ɓangare, dasƙarewar ta ragu ƙwarai. Mai cewa a cire EGR ya zaɓi ɓangare ɗaya ne. Akwai ɗayan, kuma shi bai ƙara wa kowa guba a huhu.

Bari in ba cirewa haƙƙinta, don tana da amfanin da ba a musu. Bututun iska zai zauna fes. Baƙin mai ba zai yi saurin yin kauri da tsami ba, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne, tunda saboda injinan EGR ne aka fito da ma'aunin mai na CI-4 a 2002, mai iya riƙe kunkunniya da yawa. Sannan ka rabu da fargabar fashewar na'urar sanyaya hayaƙi, wadda ita ce mafi haɗari a duk tsarin. Wanda ke samun dizal mai yawan sinadarin salfa shi ma yana da hujja, domin salfa in ta haɗu da raɓar da ke cikin hayaƙi mai sanyi takan zama asid mai cin ƙarfe. An ƙera waɗannan injina ne da tunanin mai mai tsabta, irin wanda Amurka ta koma kansa a 2006, Tarayyar Turai kuma ta ƙara tsaurara nata a 2009.

Sai dai cirewar ba iri ɗaya ba ce. Mafi sauƙi ita ce a yanko farantin ƙarfe a cusa tsakanin bututu da bawul a ɗaure noti. A tsohon inji mai famfon dizal na gargajiya, wanda ba kwamfuta a cikinsa, shi ke nan an gama, injin ba zai ce komai ba. Amma in motar tana da sensar auna iska, to tana ƙirga. Ta san cewa duk lokacin da ta buɗe bawul, sabuwar iskar da ke shigowa dole ta ragu, tunda hayaƙi ya ci wani gurbi. In ta buɗe ta ga ba abin da ya sauya, sai ta kunna fitilar gargaɗi ta ajiye lambar P0401, wato hayaƙin da ke dawowa bai isa ba. Wasu motocin a nan suke tsayawa. Wasu kuwa rage ƙarfin injin suke yi da gangan, ka ga mota da kaya tana jan ciki a kan hanya. Daga nan sai a ce maka sai an sake wa kwamfutar lissafi, ka ga aikin da aka fara da guntun ƙarfe ya koma hannun mai kwamfutar tafi-da-gidanka, wanda ba ka da hanyar sanin abin da ya rubuta a ciki. Da yawansu sukan haɗa da ƙarin mai da ƙarin bugun turbo, wato na'urar da ke cusa wa inji iska da ƙarfi, don mai mota ya ji bambanci ya yaba. Watanni kaɗan sai kulochi ya fara sulɓi, ko gaskit ɗin kan silinda ya ƙone.

Turbo ma yana da nasa. A manyan injina masu turbo mai fukafukan da ke buɗewa da rufewa, kwamfuta tana tsuke fukafukan ne da niyya don ta matsa hayaƙi ya bi hanyar EGR. In an toshe hanyar, ita kuma tana ci gaba da tsukewa, duk matsin sai ya koma kan turbo da kan silinda. Wannan ne ya sa farantin da bai yi wa ƙaramar a-kori-kura komai ba yake iya jawo babbar asara a gingimari.

Ƙarfin da mutane ke rantsuwa sun samu fa? Na yarda sun ji shi, amma ina ganin ba daga inda suke zato ya fito ba. Ba wanda ke cire EGR sai motarsa ta riga ta yi ciwo, ko bawul ya maƙale a buɗe, ko bututu ya toshe. Ranar cirewar kuma ake wanke bututun. Ƙarfin da ya dawo nata ne na asali, wanda wankewa kaɗai za ta dawo da shi. A yawancin ƙananan motocin dizal, in ka take totur sosai bawul ɗin rufewa yake yi da ma.

Akwai kuma abin da ba ya bayyana a jikin mota. Hayaƙin injin da aka cire wa EGR yakan fi haske a ido, tunda wuta mai zafi ta fi cinye kunkunniya, shi ya sa mai mota ke ganin ya ma kyautata. Amma NOx ba baƙi ba ne, kuma shi ne ke ƙaruwa sosai. Wutsiyar salansar a-kori-kura daidai take da fuskar ƙaramin yaro da ke tsaye a bakin titi. Direban da kansa, da yaran mota masu loda kaya inji na kunne, su ne na farko da ke shaƙa. Wannan ya dame ni fiye da duk lissafin gaskit da turbo, kuma ba na jin daidai ne a yi shawarar nan ba a sa shi a ma'auni ba. Doka ma ta sa shi. A Amurka dokar tsabtar iska ta tarayya ta haramta cirewa ko kashe duk wata na'urar rage hayaƙi a motar da ke hawa titi, ta kuma haramta sayar da kayan yin hakan. A Jamus irin wannan sauyi yana soke izinin hawa titi na motar. A Birtaniya gwajin shekara-shekara yana kayar da motar da aka ga an cire mata kayan rage hayaƙi. Ka binciki ta inda kake, ka kuma tuna da ranar sayarwa.

Yanzu sai batun sauya hanya, wanda mutane ke ɗauka a matsayin tsaka-tsaki. Kalmar ɗaya ce amma ayyuka daban-daban ake nufi da ita, kuma tazarar da ke tsakaninsu babba ce.

Wasu suna nufin a karkatar da bututun EGR ya koma cikin salansa maimakon ya shiga inji. Wannan cirewa ce da aka sake wa suna. Bawul yana motsi, amma inji bai samu komai ba, gubar tana nan, sensar iska kuma za ta gane. Haka farantin da ake huda wa ƙaramin rami: yana rage yawan hayaƙin, wani lokaci ya hana fitila kamawa, amma ramin kan toshe da kansa, kuma a idon doka taɓa na'ura ne duk ɗaya.

Wasu kuma tiyon ruwa suke nufi: na'urar sanyaya hayaƙi tana yoyo, sai a haɗa tiyo biyun a zagaye ta. In an yi haka aka bar hayaƙi yana bi ta ciki, an yi gudun gara an faɗa gidan zago. Hayaƙin dizal mai jan kaya yana kai digiri 600, kuma yanzu zai shiga bututun iska da zafinsa, wanda a motoci da yawa na roba ne. Ban da gaggawar isa gareji, ban ga ranar wannan dabara ba.

Na uku shi ne a ɗauko hayaƙin daga can baya, bayan matatar kunkunniya, a shigar da shi ta gaban turbo. Tunanin mai kyau ne, kuma haka sababbin injina da yawa suke fitowa daga masana'anta. Amma sharaɗinsa matata. Tsohuwar motar da ba ta da ita, kunkunniyar za ta riƙa dukan farfelar turbo mai juyawa fiye da sau 100,000 a minti, ta cinye bakinta. Ba aikin walda da tiyo ba ne.

Sauyin hanyar da nake goyon baya shi ne wanda bai taɓa EGR ba sam. A yanke tiyon tururin inji a sa masa tukunyar tace mai a tsakani, tururin ya bi ta cikinta ya bar man a can, sannan ya wuce cikin bututun iska a bushe. Abin da na yi wa tawa ke nan bayan an wanke ta. Da shekara ta zagayo na sa aka sake buɗewa, abin da muka tarar baƙin gari ne siriri wanda tsumma ya share, a tukunyar kuwa nakan zubar da baƙin ruwa mai kauri duk lokacin juyen mai. Tana da sharuɗɗanta. A sayi mai matata ta gaske a ciki da bawul ɗin sakin matsi, domin gwangwanin da ba komai a cikinsa ba ya kama feshi. Tiyonta kada ya fi na asali ƙanƙanta. A riƙa zubar da ita, don in ta cika ko ta toshe, matsin da ke cikin inji zai nemi mafita ta robobin da ke riƙe mai, ka wayi gari da yoyo gaba da baya. A wurare masu tsananin sanyi ruwan cikinta yana iya daskarewa, sai a ɗaura ta kusa da ɗumin inji. Kada kuma a saki tiyon yana ɗiga a ƙasa.

Wankewar kanta tana son haƙuri. A ciro bututun gaba ɗaya a wanke shi a ƙasa, kada a kankare shi yana jikin inji, domin gunduwa ɗaya in ta faɗa silinda tana iya hana bawul rufuwa. A sa sababbin gaskit. In bawul ɗin EGR na lantarki ne, kada ruwan wanki ya shiga ɓangaren lantarkinsa. Daga nan sai a tambayi abin da ya sa ta toshe da wuri, don ruwa ba ya tsami banza. Nozul da suka gaji suna zubar da mai maimakon fesawa, matatar iska da ta cika da ƙura, tamostat da aka cire ko ya maƙale a buɗe har inji ba ya kai zafinsa, barin mota tana silo na sa'o'i, ringi da suka ci: duk waɗannan suna ninka kunkunniya ko feshin mai. Wanda ya toshe EGR ya bar su, ya kashe maciji bai sare kansa ba.

Injin Power Stroke mai lita 6.0 da Ford ya sa a motocinsa daga 2003 zuwa 2007 ya zama abin misali a nan. An san shi da fashewar na'urar sanyaya hayaƙi, kuma mutane da yawa sun cire ta saboda haka. Amma ruwan lagireto sai ya ratsa na'urar sanyaya baƙin mai kafin ya iso gare ta. Ta baƙin man ce ke toshewa da datti, ta hayaƙin ta rasa ruwa, ta yi zafi ta tsage. Masu gyaransa sukan kwatanta zafin mai da zafin ruwa mota tana tafiya, in tazarar ta wuce digiri 15 a ma'aunin Farenhait, kimanin 8 ke nan a Salshiyas, sun san inda cutar take. Wanda ya cire EGR kawai ya rabu da alamar, man injinsa kuma yana ci gaba da dahuwa.

Wannan ɓangaren kada a yi masa jinkiri ko kaɗan. In ruwan lagireto yana raguwa ba ka ga inda yake zuba ba, ga farin hayaƙi mai ɗan zaƙin wari, to a ciro bawul ɗin EGR a duba. In a jiƙe yake, ko ya yi fes kamar an wanke shi da tururi, na'urar ta tsage. Ruwa ba ya matsuwa, in ya taru a silinda cikin dare, tayarwa ɗaya ta isa ta lanƙwasa sandar fistan. Akwai ma haɗarin gobara: a 2018 BMW ya nemi a dawo masa da motocin dizal kimanin miliyan 1.6 a duniya don gyara, saboda ruwan da ke yoyo daga wannan na'ura yana haɗuwa da kunkunniya ya ci wuta a bututun iska. Sabuwar na'ura mai inganci, tare da wanke hanyoyin ruwa, ita ce maganin.

Akwai halin da na san gyara ba ya yiwuwa. Mota ta tsufa har an daina ƙera kayanta, an nema an rasa, aikinta kuma a gona ne ko a wurin haƙar ma'adinai, ba ta hawa titi, dokar wurin kuma ba ta hana ba. A nan ba zan ce a jingine ta ta ruɓe ba. Amma a yi aikin cikakke: a toshe ta ɓangaren salansa da farantin ƙarfe mai kauri wanda zafi ba zai huda ba, a toshe ɓangaren iska, a haɗa tiyon ruwa yadda zagayensa ba zai yanke ba. In akwai kwamfuta, a gaya wa mai lissafin a fili cewa ba a son ƙarin mai ko ƙarin bugun turbo, a kuma karɓi kwafin lissafin asali kafin ya taɓa komai. A sa agogon auna zafin hayaƙi a gaban direba. Bawul da bututu da duk notin da aka kwance kuwa a zuba su a kwali a ajiye, ko da sun lalace, domin lambobin da ke jikinsu ake bi a nemo madadinsu ranar da aka samu, ko ranar da motar za ta koma hannun wani.